Mun Iya Duba Bakin Sa, Mun Kasa Duba Bakin Buji

Shugabannin ƙungiya, da dattawan kara, da dillalai, da 'yan kora, da direbobinmu masu kwana bisa hanya, muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan takarda tamu mu yi magana a kan wani abu da tsawonsa bai wuce yatsa ba. Mu a nan Nijar, da 'yan'uwanmu na Kamaru da Cadi, buji muke ce masa. Na Najeriya da Gana kuwa fulogi suka sani. Wani zai ce, to, ina ruwan takardar fataken shanu da kayan garaji? A yi haƙuri a ji tukuna, domin wannan ɗan ƙarfe ya taɓa cinye mana ribar tafiya guda, kuma mun tabbata ba mu kaɗai ya yi wa haka ba.

Wata Lahadi ce. Mu biyar muka tashi daga Damagaram bayan sallar asuba, za mu kasuwar Mai'aduwa. Shanu sun riga sun yi gaba tare da yara, mu kuma muna biye cikin tsohuwar Fijo 504 ta ɗaya daga cikinmu. Kusan sati biyu ke nan motar nan tana tari da safe, in an tashe ta sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, kafin ta daidaita. Direba ya faɗa, ya sake faɗa. Da ya matsa, aka miƙa masa 'yan canji aka ce ya je ya nemo buji mai sauƙi, in an dawo daga kasuwa a yi gyara sosai. Ya je wurin wani mai tebur a bakin tasha ya sayo wanda kuɗin hannunsa suka isa, guda biyu, aka ɗaura, aka bar tsofaffi biyu a ciki.

Mun wuce Takeita, ba mu kai Matamaye ba, sai mota ta fara fizga. A taka totur, ta yi gurnani, ba ta gaba. Can sai ta yi wata ƙara ta baya kamar an harba bindiga, ta mutu. Muka tura, ta tashi, ta sake mutuwa. Kafin a samu mai babur ya je ya ɗauko makaniki, rana ta take. Kafin mu gama da bakin iyaka, a Ɗan Barto da Kwangwalam, an yi la'asar. Duk wanda ya san kara ya san abin da wannan ke nufi. Manyan masu saye na Kudu sun gama ciniki, tireloli sun yi lodi, saura masu jiran wanda ya makara su yi masa tayin wulaƙanci. Wasu shanun muka sallama a kan faɗuwa, wasu muka bar su sati guda, ana sayen harawa da dusa da ruwa, ana biyan mai tsaro, suna ramewa. Kafin wata Lahadin kuma canjin Naira da Sefa ya motsa, ba ta wajenmu ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne maganar makanikin. Da ya kwance bujin nan huɗu ya jera su bisa tsumma, sababbin nan biyu, ɗaya farin tangaran ɗinsa ya tsage, ɗaya kuma bakinsa ya narke. Tsofaffin biyu sun yi baƙi ƙirin da toka. Ya ɗaga kai ya dube mu ya ce, "Alhazai, ai motar nan ta daɗe tana gaya muku, ku ne ba ku buɗe bakinta ba." Muka yi tsit. Mu da ba ma biyan kuɗin sa sai mun buɗe bakinsa mun ƙirga haƙora, mun ga ko ya fid da biyu, ko huɗu, ko ya cika. Mu da muke duban kashin saniya mu ce tana da hanta, mu dubi kofato da dalala mu ce ɓoru ne, mu ji tari mu ce huhu ne. Ga shi abin da ke ɗauke da mu da dukiyarmu ba mu taɓa leƙa bakinsa ba.

To, ra'ayinmu ke nan a taƙaice. Buji shi ne haƙoran mota. Falken da ke da motar fetur, ko yake hawanta da kuɗin mutane a ƙugunsa, wajibi ne ya iya karanta shi kamar yadda ya iya karanta bakin sa. Ba mu ce kowa ya zama makaniki ba. Ai ba kowane falke ne likitan dabbobi ba, amma ba wanda zai sayar masa da tsohuwar saniya da sunan karsana.

Mene ne aikinsa?

A cikin injin yawancin motocinmu akwai ɗakuna huɗu, su ake kira silinda, kowane da fistin ɗinsa mai hawa da sauka. Aikin kowane ɗaki hawa huɗu ne. Da fari fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu ya hau ya matse su. Na uku a ƙyasta musu wuta su fashe, su tura fistin ƙasa da ƙarfi, kuma wannan turin shi ke juya ƙafafun mota. Na huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Mai ƙyasta wutar nan shi ne buji. In bai ƙyasta ba, ko ya ƙyasta da rauni, sauran aikin duk ya tashi a banza.

Batir ɗin mota bolt 12 ne kacal. Wannan ba ya isa wuta ta tsallaka ko da giɓin da bai kai kaurin farce ba. Saboda haka aka sa bobin, wanda na Najeriya ke ce wa koyil, shi ke ɗaga ƙarfin wutar ya kai bolt 20,000 ko 30,000. A tsofaffin motoci wutar takan bi ta delko, wato distilbuta, ya raba ta ga wayoyi huɗu. A na yanzu kuwa kowane buji da ɗan bobin ɗinsa a bisa kai. Wutar ta bi ta tsinken da ke tsakiyar farin tangaran, ta yi tsalle zuwa ga lanƙwasasshen ƙarfen da ke baki. Wannan tsallen shi ne tartsatsin da ke kunna mai.

A duba yawan aikin. In inji na juyawa sau 3,000 a minti, wanda shi ne tafiyar hanya ta yau da kullum, kowane buji yana ƙyastawa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Tafiyar awa ɗaya sau 90,000 ke nan. Kuma yana yin haka kansa na cikin wuta. Tun 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan ƙyastu mai ƙarfin wuta, kuma har yau duk motar fetur, da babur, da janareto, da injin ban-ruwa, a kansa suke. Kowane tartsatsi yana cin ɗan ƙarfe kaɗan daga bakinsa. Yau da gobe sai giɓin ya faɗaɗa, kaifin baki ya dakushe, daidai yadda haƙoran tsohuwar saniya ke cinyewa su bar rata.

In giɓi ya faɗaɗa, bobin ke shan wahala, don sai ya ƙara ƙarfi kafin wuta ta tsallaka. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙi sayen buji, ƙarshe ya sayi bobin wanda ya ninka shi kuɗi. In kuwa ɗaki guda ya daina kamawa gaba ɗaya, a motar kafireta man da ke shiga cikinsa ɗanye yake fita. Wato a kowace lita huɗu, ɗaya zubar da ita kake yi a titi. A farashin da gwamnatin Nijar ta yanka a watan Yuli na 2024, Sefa 499 lita, wanda ya sha lita 40 da ɗaki ɗaya a mace ya zubar da kusan jika biyar. Ɗanyen man nan kuma yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi su ci. A motocin zamani har tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa yakan ƙone.

Yadda ake karanta bakinsa

Ga abin da muka koya tun daga ranar nan, wurin makanikai da dama, a Damagaram da Maraɗi da Kano, kuma muka gwada muka gani. In an kwance buji, kada a bari yaron garaji ya goge shi ko ya jefar kafin ka duba. A jera su yadda suka fito, na ɗaki na ɗaya har na huɗu, sa'an nan a dubi kan da ke shiga cikin wuta.

In ka ga ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, busasshe, to, alhamdu lillahi, ɗakin nan lafiya lau yake.

In ka ga baƙar toka busasshiya, irin ta gindin tukunya, wadda ke gogewa a yatsa, mai ne ya yi wa iska yawa. Kafin ka zargi buji, buɗe matatar iska. Mu masu bin hanyar rairayi da ƙurar hunturu, da ƙurar kara ita kanta, matatarmu ba ta jimawa take toshewa. In ba ita ba ce, a dubi kafireta ko injekta. Yawan barin mota tana sulo a bakin iyaka, awa da awa ana jiran takarda, shi ma yana kawo wannan toka.

In ka ga baƙi mai maiƙo, jiƙaƙƙe, baƙin mai ne ke hawowa, ko ta ringi ko ta bawul. Irin motar nan za ka ga tana shuɗin hayaƙi, kuma kullum ana ƙara mata baƙin mai. Ko ka sa sabon buji yau, sati biyu zai koma yadda ɗan'uwansa yake.

In ka ga fari fat, da ƙuraje-ƙuraje, ko baki ya fara narkewa, wannan shi ne mai haɗari. Zafi ya yi yawa: ko mai ya yi wa iska kaɗan, ko lokacin wuta ya goce, ko lagireto ba ya sanyaya inji, ko kuma bujin ba na motar ba ne. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka yana iya huda fistin.

In ka ga guda ɗaya tas kamar an wanke shi, alhali sauran suna da launinsu, kada ka yi murna. Sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga ɗakin ta gaskit, tururinsa ke wanke shi. In kuma ka ga ja-ja kamar tsatsa, a tuhumi abin da aka zuba cikin man.

Kun ga ke nan buji shaida ne. Mafi yawan lokaci ba shi ya yi laifin ba, gani ya yi yake faɗa. Kuskurenmu shi ne mu kama shaida mu jefar, mu kawo sabo, mu bar ɓarawo a cikin gida.

Maganar man kwalba

Ba za mu yi wa juna ƙarya ba, dukkanmu mun sha man bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa, na Kamaru kuma zuwa-zuwa. Akwai garuruwan da in ba shi ba, ba za ka ga ɗigon mai ba. Matatar SORAZ ta fara aiki a nan Damagaram a 2011, amma kasuwannin daji ba gidan mai gare su ba. Da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man kwalba ya yi tsada, kuma in abu ya yi tsada, marar tsoron Allah ke samun ƙofar haɗi. Ba mu ce duk masu sayarwa haka suke ba, da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma fetur da aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman a hawan tudu, kuma wannan bugun yana iya tsaga tangaran ɗin buji. Wanda ya kwana cikin tsohuwar jarka kuwa ba ya rasa ruwa da laka. Saboda haka mai shan man kwalba ya fi kowa bukatar leƙa bakin bujinsa, kuma ya tace man da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Kama da wane ba ta wane

Tun da aka karya darajar Sefa a watan Janairu na 1994, kayan mota na Turai suka ninka kuɗi, muka saba da tambaya guda a shago: "Ba mai sauƙi?" To, mai sauƙin nan shi ya zaunar da mu a daji. Buji ba kamar ƙusa ba ne da za ka ce kowace ta shiga rami ta yi. Abu uku ake dubawa.

Na farko tsawon zarensa, wato tiredin da ke ɗauruwa cikin kan inji. Akwai mai milimita 19, akwai gajere mai 12.7, akwai na motocin yanzu da suka fi haka tsawo. In ka sa dogo a gurbin gajere, fistin na iya dukansa. In ka sa gajere a gurbin dogo, wuta na ƙyastawa a cikin rami, sauran zaren kuma ya cika da toka.

Na biyu zafinsa. An ƙera kowane buji don bakinsa ya zauna tsakanin wajen digiri 500 da 800. In bai kai ba, toka ba ta ƙonewa, sai ta taru ta kashe shi. In ya zarce sosai, bakin ya yi ja ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Lambar da ke jikinsa ita ke faɗin wannan. A NGK ta Japan, misali BP6ES, lamba 6 ɗin nan ita ce ta zafi, kuma in lamba ta hau, buji ya fi sanyi. A Bosch kuwa akasin haka ne, in lamba ta hau ya fi zafi. To, ka ga wanda ya ce maka "shida shida ce" bai san abin da yake faɗa ba. Akwai kuma makanikan da in mota na shan baƙin mai sai su sa mata buji mai zafi don ya riƙa ƙone maiƙon. Wannan daidai yake da a ɗura wa ramammen sa kanwa da ruwa ranar kasuwa. Ciki ya cika, cutar na nan.

Na uku giɓin baki. Tsofaffin motoci irin 504 suna son ƙarami, wajen milimita 0.6 zuwa 0.8. Yawancin masu injekta suna son 1.0 ko 1.1. Bambancin nan ido ba ya auna shi. Akwai ɗan ma'auni mai ɓallayen ƙarfe, kamar wuƙar aljihu, makanikai na ce masa fila-geji, kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba. Amma sai ka ga yaro ya ƙwanƙwasa bakin buji a kan dutse, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya, ya ce ya yi. Mu da ba ma yarda a auna mana hatsi da tiyar da ba mu sani ba, a nan mun yi shiru.

Game da daɗewa, buji na gama-gari yakan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000. Masu bakin filatinam da iridiyam, waɗanda tsinkensu siriri ne kamar allura, suna kai 60,000 har 100,000 in inji lafiyayye ne kuma mai na da kyau. A irin hanyoyinmu da irin manmu, mai hankali ba ya jira sai lissafin ya cika. Kuma a sani, masu tsadar nan su aka fi yi wa jabu, da sunan manyan kamfanoni da kwalinsu da komai. Wani jabun ana gane shi: rubutu ya dame, zare da kaushi, washa na zamewa ta faɗi. Wani kuwa ko makaniki ba ya rabewa da ido. Babbar alama ita ce kuɗi. In an ce maka ga iridiyam a farashin na gama-gari, ka tuna da wanda ya kawo maka bijimin Azawak a kuɗin maraƙi. Ba sai an gaya maka akwai magana ba.

Ranar ɗaurawa

Ko da ba kai za ka riƙe sifana ba, tsaya a kai. A bari inji ya huce, domin kan injin yawancin motocin nan, har da 504, na alminiyam ne, in an murɗa da zafi zare na iya biyowa. A hure ƙasar da ke ramin kafin a kwance, kada ta zuba cikin silinda. A canza ɗaya bayan ɗaya, don kada wayoyi su rikice, tun da wutar tana bin jeri ne, 1, 3, 4, 2. A fara ɗaurawa da hannu har ya zauna, sa'an nan a sa sifana. Ga sabo mai washa, rabin juyi ko ɗan fiye ya isa. Wanda ya sa ƙafa ya danna, ko ya ƙara bututu a kan sifana, aiki yake nema wa mai walda. A canza su duka tare, ba biyu yau biyu baɗi ba kamar yadda muka yi. A duba wayoyin da murfin delko ko sun tsage. Kuma don Allah a daina gwada tartsatsi a jikin inji alhali fetur na zube, mun ga wanda gemunsa ya tafi a haka.

Wanke buji da fetur da goge shi da burushin waya dabara ce ta fita daji, tana kai mutum gari. Amma ba gyara ba ce, kuma ba a yi wa mai bakin iridiyam ko filatinam, don ɗan ƙarfen da ka biya kuɗi dominsa kake kankarewa.

Masu ja da wannan magana

Mun san akwai masu cewa, ai wannan aikin makaniki ne, kowa ya tsaya a sana'arsa. Gaskiya ne. Amma makaniki na gari, kai kana daji. Kuma makanikin kirki ya fi son mai motar da ya san abin da ake faɗa masa, marar kirki ne ke son jahili. Wasu za su ce mu kamiyo muke da shi, na gazuwal, ba ruwanmu. Haka ne, injin gazuwal ba ya ƙyastu, matsi ke kunna mansa, kuma bujin da ke jikin wasunsu na ɗumama ɗaki ne kawai da sanyin safiya. To, amma kamiyo shanu yake ɗauka. Kai mai shanun, da dillalinka, da yaron da ka aika ƙauye bisa babur da kuɗin kafin alƙalami, mafi yawanku fetur ke ɗauke da ku.

Akwai kuma masu cewa, in Allah ya ƙaddara za ka kwana a hanya, ko sabuwar mota ce sai ka kwana. Wannan ba musu. Amma tun muna yara a Islamiyya aka karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma ba wanda a cikinmu ke sakin shanunsa da dare ba turke ya ce ya dogara ga Allah. Bugu da ƙari, kuɗin da ke ƙugunmu ba namu kaɗai ba ne. Akwai na mai kiwo da ya ba mu bashi sai an dawo, akwai na gwauruwar da ta sa saniyarta guda cikin garkenmu, akwai na abokin tarayya. Amana ce. Kuma kowa ya san yadda wasu hanyoyinmu suka zama, ta wajen Madarumfa da Jibiya, ta wajen Konni da Illela, ta wajen tafkin Cadi. Akwai wuraren da tsayuwar mota bayan magariba ba maganar ciniki ba ce kuma, maganar rai ce.

Sai haƙƙin direba. Ranar da muka kwana biyu muna jin zafin asara, shi muka fara yi wa faɗa, har aka yi maganar a yanke masa kuɗin wata. Alhali shi ya faɗa tun da wuri, mu muka ƙi sakin kuɗi. Da hankali ya dawo muka ba shi haƙuri. Muna kira ga 'yan'uwa masu motoci, in direba ya ce mota na tari, a saurare shi. Wanda ke zaune da ita kullum ya fi ka jin muryarta.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Na ɗaya, kowace mota ta ɗan ƙungiya ta samu ɗan littafi a aljihun gaba, a rubuta lambar bujinta, da ranar da aka sa, da kilomita. Mun iya rubuta bashin shekara uku, wannan ba zai gagare mu ba. In agogon kilomita ya mutu, a yi lissafi da yawan kasuwannin da aka ci.

Na biyu, reshe-reshe su haɗa kuɗi a riƙa sayen buji da matatar iska kwali-kwali daga dila guda amintacce, mai shago da rasit, wanda in kaya ya ba da matsala an san ƙofarsa. Yadda muke haɗuwa mu sayi allurar shanu, haka wannan.

Na uku, a taro mai zuwa a gayyato makaniki dattijo, ya zo da tsofaffin buji iri-iri ya jera a tabarma, mu da direbobinmu mu gani da ido, mu taɓa da hannu. Awa ɗaya ta isa, a ba shi ladansa.

Na huɗu, kada mota ta tashi zuwa kasuwar nesa sai da buji huɗu sababbi na ajiya da sifanarsu, musamman 504 da ramukanta ke da zurfi, ba kowace sifana ke kai wa ba. Kuma dubawar a yi ta da sauran kwana. Mai zuwa Maigatari ranar Alhamis ya duba Talata. Mai zuwa Mai'aduwa ko Illela ranar Lahadi ya duba Juma'a bayan an sauko. Mai doguwar tafiya Potiskum ta Laraba ya duba tun Lahadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dai tun daga ranar nan bujin huɗu na nan cikin wani gwangwani a shagonmu, mai tsagaggen tangaran da mai narkakken baki da baƙaƙen nan biyu. Duk ɗan ƙungiyar da ya biyo ta Damagaram yana iya tsayawa ya sha ruwa ya gan su. In akwai wanda ya fi mu sani, ko ya ga kuskure cikin abin da muka faɗa, fili na nan, ya rubuto a gyara, mu ma mu ƙaru.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a kara, ya kai mu kasuwa da wuri ya maido mu gida lafiya.